Murnar Mai Rubutu Ran Da Ya Ga Sunansa A Littafi

Akwai irin littafin da ba mutum ɗaya ke rubuta shi ba. A kan nemi rubutun mutane da yawa, wannan ya kawo waƙa, wancan ya kawo labari, wani ya kawo bayanin wata al'ada ta garinsu, sa'an nan a zaɓi waɗanda suka fi, a haɗa su cikin bango ɗaya, a buga. Tun da ya ke aikin hannu da yawa ne, bari mu kira shi littafin gayya. To, duk wanda rubutunsa ya shiga irin wannan littafi, an san abin da ya kan yi ran da littafin ya iso hannunsa. Ba ya fara karatu daga shafin farko kamar sauran mutane. Sai ya buɗe wurin da aka jera sunaye, ya bi da yatsa har ya kai ga nasa, ya nemi shafin, ya zauna yana karanta abin da shi da kansa ya rubuta, wanda ya riga ya haddace, sai ka ce bai taɓa ganinsa ba. Ya rufe, ya sake buɗewa. Ko dattijo ne mai furfura, ran nan sai ka ga ya koma kamar yaro da sabuwar rigar Salla.

Abin da mu ke so mu bincika a nan shi ne, shin wannan murna ta dace da mutumin kirki, ko kuwa ƙofar alfahari ce wadda ya kamata mai hankali ya rufe tun da wuri? Kada mai karatu ya ɗauki tambayar ƙarama. In murnar aibi ce, to, muna ta tura yaranmu ga aibi duk sa'ad da muka ce musu su yi rubutu. In kuwa ba aibi ba ce, to, mutane da yawa masu abin faɗi sun yi shiru a banza, don tsoron kada a ce suna neman suna, har ƙasa ta rufe idonsu da abin da suka sani.

Bari mu fara jin masu zargi, domin ba su rasa hujja ba. Sun ce tun muna makarantar allo aka koya mana kowane aiki da niyyarsa a ke auna shi, kuma riya, watau yin aiki don idon mutane, ta kan lalata lada kamar yadda gara ke cin rumbu, daga waje ka gan shi tsaye, ciki kuwa ba kome. Sun ce in da don amfanin jama'a mutum ya yi rubutunsa, ai amfani ya samu tun da aka buga, ko da suna ko babu. Me yatsansa ke nema cikin jerin sunaye? Sun ƙara da abin da ido ya sha gani: an buga wa mutum shafi uku kacal, sai tafiyarsa ta sake, ya daina zama inda ya saba zama, in an yi masa gyara ya ɓata rai. Hausawa kuwa sun riga sun yanke, sun ce yabon kai jahilci.

Lalle wannan magana tana da nauyi. Amma alƙali ba ya yanke shari'a sai ya ji ta bakin wanda a ke ƙara. Saboda haka sai mu tambayi murnar nan, daga ina ta fito? In mun tona za mu tarar tana da saiwa uku, ba kuwa wadda ta ke abin kunya.

Saiwa ta farko ita ce tsira. Takardar da aka rubuta da hannu, guda ɗaya tak, kullum tana cikin haɗari. Ga gara, ga ɓera, ga gobara, ga ɗigon ruwan damina, ga kuma magajin da bai san darajarta ba. Mu mutanen bakin Kwara ba sai an yi nisa da mu wajen neman misali ba. A ƙarshen 1805 wani Bature matafiyi, Mungo Park, ya shirya jirginsa a Sansandin, cikin ƙasar da a ke kira Mali yanzu, don ya bi kogin nan har inda ya ƙare. Kafin ya tashi ya ba wani manzo wasiƙunsa da labarin tafiyarsa har zuwa ranar, aka kai gaɓar teku, daga baya aka buga a Landan a 1815. Ya ci gaba da tafiya, ya biyo ta Yawuri, ya halaka cikin duwatsun ruwa na Busa wajen farkon 1806. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka taho Yawuri takanas, don sun ji labari wai takardun mutumin suna wurin Sarki. Suka zauna fiye da wata guda, suka koma hannu wofi. Dubi ikon Allah: mutum ɗaya, alƙalami ɗaya, tafiya ɗaya. Abin da ya fita hannunsa ya shiga ɗab'i ana karanta shi har yau. Abin da ya riƙe a jikinsa, game da ƙasashen da ya ratsa har da tamu, ba wanda ya sake gani.

Ga kuma abin da ya fi wannan kusa da mu. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki. Mutum wajen 44,000 suka tashi daga mazauninsu aka sake musu matsuguni. Tsohon garin Busa ya nutse, haka gungu da yawa inda Gungawa suka yi zamanai suna noma da su. An gina wa mutane sababbin gidaje, amma ba magini a duniya da zai gina maka sunan wata tsamiya da kakanka ya ke hutawa a gindinta, ko dalilin da ya sa a ke kiran wata mashaya da sunan da a ke kiranta. Irin waɗannan abubuwa a kan tsofaffi su ke, tsofaffin kuwa kullum raguwa su ke yi. To, wanda ya zauna gaban wani tsoho ya rubuta abin da ya ji, sa'an nan ya ga rubutun ya shiga littafi, an buga shi da yawa ya bazu garuruwa, yadda ko gobara ta ci na Yelwa akwai na Zariya, ashe ba zai yi murna ba? Murnarsa irin ta mutumin da ya tsamo kaya ne daga ruwa. Wanda ya ga an tsamo kaya bai ji daɗi ba, ba tawali'u ke gare shi ba, bai san darajar kayan ba ne.

Saiwa ta biyu ita ce samun shiga cikin mutane. Littafin gayya kamar zaure ya ke, inda a ke shimfiɗa wa kowa tabarma. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta labari da Hausa, wadda ta fito da Abubakar Imam da wansa Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasunsu. Daga nan hanya ta buɗe, mutanen Arewa suka ga ashe abin da suka ƙaga da harshensu ya isa a buga. A 1957 kuma hukumar NORLA ta fitar da wani ɗan littafi mai suna Waƙoƙin Hausa. A cikinsa ga Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ga Na'ibi Sulaimanu Wali da waƙarsa ta damina, ga Salihu Kwantagora, mutumin maƙwabtanmu. Ina wani zaure a ƙasar Hausa da zai haɗa sarki da talaka a tabarma ɗaya, ya haɗa wanda ya riga mu gidan gaskiya da saurayi mai jini a jika, ba wanda ya tuɓe wa wani takalmi? Sai littafi. A can ba a tambayar ɗan wane ne kai, sai me ka zo da shi. In mutum ya yi farin ciki don an ba shi wurin zama kusa da waɗanda ya ke girmamawa, wannan alama ce ya san girmansu. Mai girman kai na ainihi ba ya murna da zama cikin jeri, so ya ke a ce shi kaɗai ne.

Saiwa ta uku ita ce shaidar wani. Yau kowa na iya watsa abin da ya rubuta ta wayar hannu, ba mai tsayar da shi, ba mai tambayarsa. Littafin gayya ba haka ya ke ba. Sai wani ya karanta, ya auna, ya ajiye wasu, ya ɗauki wasu. Mai rubutu kuwa, ko ya ɓoye, kullum yana tare da shakka. Ya kan yi dare yana gyaran jimla ɗaya, gari ya waye bai sani ba, abin kirki ya yi ko shirme. Ba wanda ke ganin ƙeyarsa. Duk wanda ya taɓa aikin akawu ya san wani abu game da wannan. A zamanin En'e, kafin gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, malamin hakimi da malamin haraji da malamin kotu su kan shekara suna rubutu, rasit da wasiƙa da littafin shari'a, ba takarda ɗaya da ta fita da sunansu. Sunan hakimi ne ko hatimin sarki, haka kuwa ya dace, don maganar ba tasu ba ce. Akawun yau ma bai tsira daga wannan ba. To, irin wannan mutum, ran da wani wanda bai san shi ba, ba ya cin kome a wurinsa, ya karanta tunaninsa na kansa ya ce ya isa shiga littafi, nauyin shekaru ne aka sauke masa. Ba shi ya yabi kansa ba, wani ne ya shaide shi, karin maganar yabon kai ba ta hau kansa ba.

Saura batun suna, wanda shi ne ƙashin bayan ƙarar masu zargi. Sun ce mai ikhlasi bai damu ba ko an sa sunansa ko ba a sa ba. Bari mu gwada wannan da littattafai biyu na zamani ɗaya. Tsakanin 1911 da 1913 aka buga littafin tatsuniyoyin Hausa mai juzu'i uku, wanda wani jami'in Turawa, Frank Edgar, ya tara. Babbar taska ce, akwai tatsuniyoyi da labarun sarakuna da karin magana da wasiƙu. Malamai ne suka rubuta su da ajami, amma sunan da duniya ta sani na Edgar ne, malaman kuwa da tsofaffin da suka ba su labari, ɗan kaɗan ne aka san ko su wane ne. A 1913 kuma wani Bature, Rattray, ya buga irin wannan tari daga ƙasar da a ke kira Gana yanzu, shi kuwa ya ambaci Malam Shaihu wanda ya rubuta, har ya sa hoton rubutun hannunsa na ajami cikin littafin. Wanne ya fi adalci? Wanne kuma ya fi amfani ga mai bincike, wanda ke so ya san wa ya faɗa, mutumin ina ne, daga wa ya ji? Rashin suna a littafin farko bai ƙara wa malaman nan lada ba, mu ne dai ya rage wa sani.

Magabatanmu malamai, waɗanda ba wanda ya fi su gudun riya, ba su ɓoye sunayensu ba. Mai waƙar wa'azi ya kan ambaci kansa a ƙarshen waƙa, ya sa shekarar da ya yi ta da ramzi, ya roƙi mai karatu addu'a. Mai kwafar littafi ma haka, ya kan rubuta sunansa a ƙarshe, ya nemi gafarar kuskuren hannunsa. Me ya sa? Domin a wurinsu suna lamuni ne. Ma'anarsa, ni wane na faɗi wannan, in gaskiya ce a yi mini addu'a, in kuskure ne ga wanda za a tuhuma. Ilimin musulunci duk bisa wannan aka gina shi, wane ya ji daga wane. Maganar da ba ta da uba kowa na iya faɗinta ya gudu. Saboda haka mai rubutun da ya ga sunansa a littafi, in yana da hankali, murnarsa ta kan zo gauraye da tsoro. Magana zarar bunu ce, ta baki ke nan, balle wadda aka buga. Kuskuren baki mutum goma suka ji, gobe ka janye. Kuskuren ɗab'i kuwa yana nan cikin kowane littafi da aka sayar, yara na karanta shi a makaranta bayan kai ka daɗe a kabari. In ka ɓata sunan wata zuriya cikin labarin da ba ka tabbatar ba, jikokinsu za su tarar da shi, su tarar da sunanka a kansa.

To, in haka ne, ina gaskiyar masu zargi ta ke? Tana nan, domin murnar da ta fara da kyau tana iya ruɓewa, sun kuwa ga ruɓaɓɓiya da idonsu. Ku dubi jirgin fito ran kasuwar Yelwa ko ta Wara, ya taho cike da mutane da buhunan albasa da busasshen kifi. Kowa ya sauka yana hamdala don ya ƙetare lafiya da kayansa, ba mai ganin laifinsa. Amma da wani zai sauka ya tsaya a gaɓa yana buga ƙirji, wai shi ya kawo jirgin, ai dariya za a yi masa. Wani ya sassaƙa jirgin, wani ya tuƙa, wani ya yi ta kwarfar ruwa. Littafin gayya ma haka. Akwai wanda ya tara, da wanda ya gyara, da wanda ya buga, da sauran marubuta waɗanda saboda su ne wani zai sayi littafin har ya yi tuntuɓe da shafinka. Alamar farko ta ruɓewa ita ce mutum ya shekara da littafi a gidansa, shafinsa ya yi baƙi don yawan taɓawa, na sauran kuwa fari fat kamar ran da aka kawo.

Alama ta biyu ita ce raina waɗanda aka bari a gaɓa. Jirgi ya cika ya tashi, wannan bai nuna waɗanda suka rage ba su isa hawa ba. Wani bai ji kiran ba ne, don garinsu nesa da hanya. Wani ya fi ka iya magana, amma bai sami makaranta ba. Wani kuma ya aiko, mai zaɓe ya kuskure, don mai zaɓe ɗan Adam ne, yana da gajiya, yana da son rai. A nan akwai nauyi a wuyan masu tara irin waɗannan littattafai. Ran da suka fara zaɓe don sanayya ko don garinsu ɗaya da mutum, sun zubar da darajar shaidarsu, murnar wanda aka zaɓa kuma ta zama ta mai zanen aro, wanda ba ya rufe katara.

Alama ta uku ita ce ajiye alƙalami. Wani da an buga shi sau ɗaya shi ke nan, ya sami abin faɗi har tsufa, ko wane taro ya je sai ya kawo zancen. Manomin da ya tsaya yana kallon damin bara, damina ta kan wuce shi.

Maganin waɗannan duka guda ne, watau mutum ya ɗauki shigarsa littafi bashi ne ya ci. Ƙasar nan tamu ta ga misalin yadda a ke biyan irin wannan bashi. Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, ya yi bincikensa na digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello bisa tarihin Yawuri na ƙarni na 19, ya gama a 1968, shekarar da ruwan Kainji ya taru. A 1978 aka buga littafinsa bisa tasirin Hausawa cikin tarihin Afirka ta Yamma. A 1984 kuma, sa'ad da hukumar UNESCO ta fitar da juzu'i na 4 na babban tarihin Afirka, wanda masana na ƙasashe da yawa suka yi gayyarsa, babin Hausawa da maƙwabtansu da sunansa ya fito. Ga ɗan Ngaski a zauren duniya. Abin lura shi ne, da tarihin gida ya fara, abin da wani zai raina ya ce labarin ƙauye ne, bai kuwa tsaya a littafi ɗaya ba.

Aikin da ya rage yana da yawa. Gungawa da Shangawa da Kambari da Lopawa kowa da harshensa da tatsuniyoyinsa da waƙoƙin aikinsa, da yawa kuwa daga cikin 'ya'yansu Hausa ta fi sauƙi a bakinsu yanzu. Sarkawa suna da sanin ruwa da sunayen kifi da lokatansu wanda ba a makaranta a ke koyonsa ba. Matan da ke daka da masu saƙar koma suna da abin faɗi. Yaran da suka ga tashin 1968 da idonsu sun zama tsofaffi. Wanda Allah ya ba shi shiga littafi ya san hanyar da a ke bi, ya san inda a ke kai takarda, ya san yadda a ke tsara ta. Haƙƙi ne a kansa ya koma gaɓa ya ɗauko wasu. In ya rubuta abin da ya ji daga wata tsohuwa a Shanga, ya nemi yardarta ya ambace ta, kada ya yi mata abin da aka yi wa malaman Edgar. In ya ga yaro mai basira, ya karanta masa rubutunsa, ya gyara masa ba da wulaƙanci ba, ya nuna masa ƙofa.

Saboda haka, ya kai wanda littafi ya iso hannunsa yau, yi murnarka, kada ka ji kunya. Nuna wa mahaifiyarka ko da ba ta karatun boko, kai wa malaminka na allo da na firamare, don suna da rabo a ciki. Ɓoye ni'ima ba shi ne godiya ba. Amma in dare ya yi, ka auna kanka da abu uku. Ka karanta na sauran, har ka sami wanda ya fi naka, ka ji daɗinsa? In wani ya nuna maka kuskure a shafinka, za ka gode masa? Gobe da safe za ka ɗauki alƙalami, ko naka ko don taimakon wani? In amsarka i ce, murnarka godiya ce, masu zargi ba su da hanya a kanka. In kuwa a'a ce, to, ka saurare su, don da kai su ke.

Allah ya ba mu ikon rubuta abin da ba za mu ji kunyarsa ba, duniya da lahira. Amin.